Kashin Jinjiri Mai Shan Mama da Ɗaurin Ƙunzugu

Maganarmu ta yau da ku ce, mata masu goyo, da kakanni, da ungozomai. Masu gida kuma kada ku tashi, gama ku ke sayen sabulu, ku ne kuma ake jira kafin a tafi asibiti.

Kin yi wa jinjirinki wanka, kin ɗaura masa ƙunzugu, kin ba shi mama, kin goya shi. Ba ki kai bakin ƙofa ba sai ki ji ɗumi a bayanki. Kashi ya ɓullo ta cinya, ya hau gadon baya, ya ɓata majanyi da zane. Yau haka, gobe haka. Daga nan sai wata ta ce zawo yake yi, wata ta ce nonon ne ba shi da kyau, a ba shi jiƙo, ko a ɗura masa ruwa, ko a janye shi daga mama. To, nan haɗarin yake. Zanen da ya ɓaci sabulu zai gyara shi. Yaron da aka raba da nono kuwa, aka ɗura masa ruwan da ba a san tsabtarsa ba, shi ne zawo na gaskiya zai kama.

Ku fara sanin yadda kashin lafiya yake. Kwana biyu na farko baƙi ne, mai danƙo kamar kwalta. Dakashi, watau nonon farko mai kauri wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ke taimakon cikin yaro ya fitar da wannan baƙin kashi, saboda haka a ba shi. Kwana na 3 da na 4 sai ya koma kore-kore. Wajen kwana na 5 ya zama rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, ruwa-ruwa, da 'yan gudaji ƙanana kamar riɗi, warinsa kamar na kindirmo. Wannan shi ne kashin mai shan mama, ba ciwo ba ne.

Me ya sa yake ruwa-ruwa? Nonon uwa, cikin kashi 100 wajen kashi 87 ruwa ne, kuma yana narkewa ƙwarai, tusarsa kaɗan ce. Ban da wannan, da cikin jinjiri ya cika sai hanjinsa ya motsa. Shi ya sa za ki ji yana yi tun mama na bakinsa. A makonnin farko wani yakan yi bayan kowace tsotsa. Bayan kamar mako 6 kuma wani sai ya rage, har ya yi kwanaki bai yi ba, ran da ya yi kuwa ya cika ƙunzugu. Muddin yana tsotsa da ƙarfi, yana ƙiba, yana jiƙa ƙunzugu da fitsari sau 6 ko fiye a yini da dare, ki kwantar da hankalinki.

Ashe ke nan gyaran a wajen ɗauri yake.

In na tsumma kike yi, ki nemi yadin auduga mai taushi, mai shan ruwa. Yadin roba mai santsi ba ya riƙe kome. Ki ninka shi ya yi kusurwa uku, ki sa wani ƙaramin ƙyalle mai ninki huɗu a tsakiya, ki ja shi ya fi yawa ta wajen baya, gama can kashi ke nufa in yaro yana kwance. Bayan kin ɗaure, sai ki bi bakin yadin a kowace cinya ki naɗe shi ciki da yatsa, ya kwanta cikin matsematsi. Wannan ɗan naɗi shi ne shingen, kuma shi aka fi mantawa. Wandon roba na bisa yana tsare zane, amma da bazara yana dafa fata. Ki ajiye shi sai za ki fita unguwa.

In kuwa na kanti ne, wanda ake kira famfas, ki dubi nauyin da aka rubuta a jikin ƙunshin, ki gwada da nauyin da aka rubuta miki a katin awo. Kada ki bi watanninsa, gama yara ba girmansu ɗaya ba. In kashi yana hawa baya, ko kina ganin jan shaida a cinya da ƙugu, ya yi masa kaɗan. In yana fita ta cinya kuma kina ganin sarari, ya yi masa yawa. Na san wasu kan sayi babba don ya daɗe ana amfani da shi. Wannan ba tattali ba ne, abin da aka rage a kanti sai a biya shi a sabulu. Wajen ɗaurawa, bayan ya fi gaban tsawo kaɗan, manne na dama da na hagu su daidaita, yatsunki biyu su iya shiga tsakanin ƙugu da ciki. Sa'an nan ki bi bakin cinya ki fito da 'yar tattarar nan waje, kada ta lanƙwashe ciki. In namiji ne, ki kwantar da gabansa ya dubi ƙasa. In cibiya ba ta faɗi ba tukuna, ki karya bakin ƙunzugun ƙasa da ita ta sha iska.

Sai maganar goyo. Sa'ad da kika goya yaro, zaune yake a kan majanyi, an ɗaure shi tam. In ya yi kashi ba shi da wurin zuwa sai sama. Don haka in ya gama tsotsa kada ki yi garaje. Ki riƙe shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki ba shi ɗan lokaci, sau da yawa za ki ji ya yi. Ki sake masa, sa'an nan ki goya. Ƙunzugun da ya riga ya cika da fitsari ba ya karɓar wani abu, ki sake shi kafin goyo ko da babu kashi. Kada kuma ki matse ɗauri don tsoron zuba, matsi yana takura ciki yana goge fata.

Da ya yi, ki wanke shi da ruwa mai ɗumi. 'Ya mace daga gaba zuwa baya. Ki tsane, ki bar shi ya sha iska kaɗan a kan tsumma, ki shafa man kaɗanya ko basilin. Ana cewa kashin jinjiri ba ƙazanta ba ne. Ba haka ba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. Ruwan wankin a zuba a masai, ƙyallen a wanke da sabulu a shanya a rana, na kanti a ƙunshe shi kada a jefa a kwata, ke kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci ko mama.

To, yaya za a gane zawo na gaskiya? Da sauyi ake gane shi. Kashi ya fi na kullum yawa farat ɗaya, ya zama ruwa tsararo, ya shige cikin ƙyalle babu gudaji, da wari. In ya zo da ɗayan waɗannan, a tafi asibiti ran nan, ko da dare ne: jini a kashi, zazzaɓi, amai a kai a kai, ƙin mama, maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, fitsari ya ragu, ko jiki ya yi laƙwas. Jinjiri ruwan jikinsa ba shi da yawa, cikin yini guda yana iya bushewa. A hanya ma ki yi ta ba shi mama. Can za a nuna miki yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a ba shi maganin zinki na kwana 10 zuwa 14. Kada a saya masa maganin tsai da zawo a kasuwa. Haka kuma in kashi ya zo fari fat ko kamar toka, ko da yaro yana wasa, a kai wa likita, gama yana iya zama ciwon hanta ne wanda ba ya son jinkiri.

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba jinjiri nono zalla har wata 6, babu ruwa babu kunu, ko da zafi ake yi. A Nijeriya kuma, tun 2022 aka sa rigakafin ƙwayar rota, wadda ke jawo zawo mai tsanani, cikin na yau da kullum. Ɗigawa ake yi a baki, a mako na 6, da na 10, da na 14. Ki duba katin yaronki yau ki ga ko an rubuta.

Mu kwana nan. Allah ya raya mana su.