Hanyar da kokenku yake bi, da hanyar da amsa take komowa

Maganar da ta tara mu yau ita ce koke: abin da uwa za ta yi idan wani abu ya ɓata mata rai a wurin awo ko a gidan likita, da abin da ya wajaba a kanmu, mu ma'aikatan shirin yaƙi da tamowa, idan ta buɗe baki ta faɗa.

Zan fara da rajista, babban littafin nan da kuke gani gaban likita ranar awo. Duk yaron da ya fita daga shiri ana rubuta yadda ya fita: ya warke, ko ya rasu, ko an tura shi babban asibiti, ko an daina kawo shi. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji na duniya suke auna aikinsu da su, sun ce a cikin yara 100 da suka fita ya kamata fiye da 75 su warke, waɗanda suka rasu kada su kai 10, waɗanda aka daina kawowa kada su kai 15. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi hana ni barci, domin rajista tana faɗin cewa uwa ta daina zuwa, amma ba ta faɗin dalili. Wata nisa ne ya kayar da ita. Wata noma ne ya riƙe ta, wata maigida ne ya hana. Akwai kuma wadda aka daka wa tsawa a gaban mata don karnenta ya jiƙe, da wadda ta zauna tun hantsi har azahar sannan aka ce kaya sun ƙare, ba a kuma faɗa mata ranar da za ta komo ba. Waɗannan biyun na ƙarshe koke suke da shi. Sun haɗiye shi, sun goya yaransu, sun kama hanya. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, sai dai irin wannan magana ba ta isowa gare mu sai yaro ya koma ja, sau da yawa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma masassarar cizon sauro take tashe. Daga nan sai kwanciya a Miriya, ko Magarya, ko babban asibitin Damagaram, a kan abin da kalma ɗaya za ta iya tarewa.

Na san abin da yake ɗaure harshe. An rene mu da kunya da kawaici, an koya mana cewa wanda aka yi wa kyauta godiya ce tasa. Akwai tsoro kuma: idan na yi magana, gobe a cire sunan ɗana. Ina so ku saurari wannan da kyau. Maganin yaranku haƙƙinsu ne. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Kuɗin da masu ba da tallafi suke turowa da sunan yaranku aka roƙo su, mu amana aka ba mu. A watan Disamba na 2014, a birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak, aka ƙaddamar da wata ƙa'ida ta aikin jin ƙai mai alkawura 9, na biyar ɗinsu kuwa a kan koke yake: mutanen da ake yi wa aiki su samu hanyar kai kuka wadda ba za ta jawo musu cuta ba, kuma a amsa musu. Saboda haka sunan yaro ba ya fita daga rajista don uwarsa ta yi magana. Awo ne yake shigar da shi, awo ne yake fitar da shi.

Kai kuka kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, har zuwa yau, talaka ya san hanyar da zai bi: mai unguwa, mai gari, hakimi, har fada. Wanda ya kai ƙara a kan iyakar gona babu mai kiransa butulu. Abin da muke nema shi ne wannan al'ada ta shigo wurin awo. Amma ku lura, hanyar fada ta bainar jama'a ce, kuma yawanci maza ne suke binta. Ta dace da rikicin gona da na rijiya. Akwai maganganun da ba za su iya binta ba, zan zo kansu.

A gidajen likita da yawa an rataye akwati don jefa takarda. Ban raina akwati ba, amma mafi yawan iyayen da nake gani ranar awo ba su yi lakkol ba, wadda ta iya ajami ma ba kullum take da takarda da alƙalami ba, ga shi kuma an rataye akwatin daidai ƙofar wanda ake kuka da shi. Lambar waya ta kyauta ta fi, in akwai rezo, in kuma wayar ba a aljihun maigida take kwana ba. Shi ya sa ba mu tsaya ga hanya ɗaya ba. Kina iya faɗa wa rele na garinku. Kina iya tare majo, shugaban gidan likita, ko ɗaya daga cikin ƴan kwamitin da suke kula da gidan. Kina iya jiran ranar da muke zagayowa, ki ja ɗaya daga cikin ma'aikatanmu mata gefe. Kina iya aiko surukarki ko ƙawarki ba tare da an ambaci sunanki ba. Idan kukan a kan rele ɗin ne kansa, tsallake shi, babu laifi.

Yanzu gare ku, ƴan'uwana rele. Aikinku a nan ya fi namu wuya, domin mu muna shiga mota mu koma birni, ku kuwa kuna kwana gari ɗaya da mai kuka da wanda ake kuka da shi, wataƙila ma dukansu danginku ne. Abin da ake nema gare ku shi ne ku ɗauko magana yadda aka ba ku ita. Idan uwa ta ce an zage ta, a rubuta an zage ta, kada a mayar da shi “an samu ɗan saɓani”. Ku riƙe ranar da abin ya faru, da wurin, da abin da take so a yi mata. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali sau da yawa abin da take nema ƙarami ne, kamar a sauya mata ranar awo don ta yi karo da kasuwar garinsu. Ku tambaye ta ko ta yarda a rubuta sunanta. Kada ku yi shari'a, kada ku ce mata “yi haƙuri, haka suke”, kada kuma ku yi mata alkawarin abin da ba a hannunku yake ba. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wanda aka ba uwa a madadin isar da kukanta toshe baki ne. Akwai rele da yake jin tsoron kada yawan koke daga garinsa ya nuna shi ne bai iya aiki ba. Ni garin da ya yi wata shida babu ko koke ɗaya shi nake fara tuhuma, don tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle tsakanin likita ɗaya da mata hamsin a rana mai zafi.

Kukan da ya fi zuwa mana shi ne wannan: an ɗauki ɗan maƙwabciyata an bar nawa, alhali nawa ya fi rama. Kuka ne mai ma'ana, kuma amsarsa a hannunku take. Igiyar awon dantse tana da launi uku. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, ƙasa da milimita 115 ja ne, daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya, daga 125 zuwa sama tsanwa. Ana kuma gwada nauyi da tsawo, ana danna bayan ƙafafu biyu a ga ko yatsa zai bar rami, alamar kumburi. Yaron da ya kumbura yana iya zama kamar mai ƙiba a ido, alhali ya fi ramamme shiga haɗari. Wannan igiya kuwa a nan ƙasarmu aka nuna wa duniya cewa uwa tana iya riƙe ta: a gundumar Miriya, a yankin Dogo, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata awo a shekarun 2013 da 2014, aka tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan sa kai ba, daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Uwar da ta iya auna ɗanta a gida ta iya duba awon da aka yi masa a likita. Idan ranki bai kwanta ba, ki ce a sake awon a gabanki, a nuna miki launin. Ma'aikacin da ya ji haushin wannan roƙo shi ne da laifi.

Haka zancen Plumpy'Nut. Kowace leda giram 92 ce, an haɗa ta da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, kuma yawan da ake ba yaro a mako ya danganta da nauyinsa. Ki tambaya leda nawa ne rabon ɗanki, ki ƙirga a gaban mai ba ki, ki sa a rubuta a karne. Idan an rage, koke ne. Idan kin ga ana sayar da shi a teburin mai shago, wannan ma koke ne, domin kowace leda da ke kan tebur daga bakin wani yaro aka cire ta.

Sai maganar amsa, wadda ita ce rabin aikin da aka fi sakaci da shi. Koke bai ƙare ba ranar da aka rubuta shi, sai ranar da amsa ta komo kunnen mai shi. Uwar da ta yi magana sau ɗaya ta ji shiru ba za ta sake ba, za ta kuma gaya wa mata goma a bakin rijiya cewa ɓata yawu ne. Don haka kowane koke yana da lamba a littafinmu, da sunan ma'aikacin da aka ɗora wa shi, da ranar da amsa za ta komo, kuma ana faɗa wa mai kukan wannan ranar tun farko. Ba kowace amsa ce take da daɗi ba. Wani lokaci za mu ce kaya sun yanke tun daga babban sito, ba mu da ikon kawo su gobe, ga ranar da muke sa rai, ga abin da za a yi wa yaron kafin nan. Wani lokaci za mu ce mun bincika, awon daidai yake, ɗanki tsanwa ne, ga yadda za ki ci gaba da duba shi. Wani kukan ma ba namu ba ne, na ruwa ne ko na hanya, sai mu miƙa shi ga magajin gari, mu faɗa miki mun miƙa. “A'a” mai dalili amsa ce. Idan ba ta gamsar da ke ba, kina da ikon a ɗaga maganar zuwa ga shugaban shiri.

Na bar mafi nauyi sai yanzu. Idan wani ya nemi kuɗi, ko dala ɗaya, ko kaza, ko mudun hatsi, kafin ya rubuta sunan yaro; idan wani ya nemi mace ko yarinya da lalata a madadin kati ko abinci ko aiki; idan an taɓa yaro ta hanyar da ba ta dace ba, waɗannan ba su bin hanyar taro. A shekarar 2002 wani bincike na hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children ya tona yadda wasu ma'aikatan agaji suke lalata da ƴan mata a madadin kayan tallafi a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo. A watan Oktoba na 2003 Babban Sakataren Majalisar, Kofi Annan, ya fitar da dokar da ta haramta musayar kuɗi ko kaya ko aiki da lalata, ta haramta kusantar duk wanda bai kai shekara 18 ba ko da me al'adar wuri ta ce, ta kuma wajabta wa ma'aikacin da ya ji labari ya kai rahoto. Wannan ƙa'ida tana kan direba, tana kan mai gadi, tana kan likita, tana kaina. Rele da ya ji irin wannan magana kada ya kai ta gaban mai gari don a sasanta, kada ya tunkari wanda ake zargi, kada ya tsaya neman hujja, kada ya faɗa wa ko matarsa. Ya kai ta a ranar ga ma'aikaciyar da aka keɓe don wannan, wadda za a gabatar muku da ita kafin mu tashi. Abin da ake fara yi shi ne kula da lafiyar wadda aka cuta, kuma idan fyaɗe ne a hanzarta, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Bincike yana biyo baya, da mutane kaɗan, kuma ba a ambatar sunanta sai da yardarta. Laifin na wanda ya nema ne. Wadda yunwar ɗanta ta sa ta kasa cewa a'a babu abin da za a tuhume ta da shi, katinta kuma yana nan.

Sauran koke-koken, na jira da na tsawa da na ƙirgar leda, za a riƙa karanto su a taron mata na kowane wata ba tare da suna ba, tare da abin da aka yi a kan kowanne da abin da ba a yi ba tukuna. Rele kowa ya karɓi littafinsa a bakin ƙofa. Iyaye waɗanda suke da magana yau, ma'aikatanmu mata biyu suna zaune can gindin bedi, nesa da layin awo, har la'asar.