Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo



A shekarar 1994, taron Salamanka na ƙasar Sifen ya amince cewa makaranta ce za ta gyara kanta domin karɓar kowane yaro. A 2019 kuma aka sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya. Sai dai doka ba ta shiga aji. Mu ne muke shiga.

Akwai wata hanyar bincike da Sarah Pink ta yi littafi a kanta a 2009, wadda masu nazarin rayuwar mata suke amfani da ita. Maimakon raba takardar tambayoyi, mai bincike yakan zaga wuri tare da masu zama cikinsa, ya tambaye su abin da suke gani, suke ji, suke shaƙa. Hujjarsu ita ce an daɗe ana tsara asibiti da makaranta ba a tambayi mata ba.

Mu auna wannan da ajinmu. Yarinyar da ƙyanda ko sanƙarau ya taɓa wa kunne ba ta jin malami in ruwan sama na dukan rufin kwano. Wadda ba ta hango allo sai ta kwafi kuskuren maƙwabciyarta. Wadda ta fara al'ada, ta tarar da masai mai wari, babu ƙofa babu ruwa, gida za ta zauna. Tarbiyyar kunya ta hana su magana, mu kuma mu rubuta "ba ta da ƙoƙari". Daga nan sai iyaye su ce karatun ya isa.

Abu uku muke roƙo. Kowane zangon karatu, malama mace ta zaga makaranta da 'yan mata, ta saurara, ta rubuta. Mu gwada ganin kowane ɗalibi daga tazarar mita shida, wanda ya kasa ya dawo gaba, a tura shi asibitin shan magani. Sannan reshe ya tattara rahotannin ya kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da kwamitin kula da makaranta, kamar yadda muke kai kukan albashi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran nan.