Adon Zaure Da Katsin Karofi

'Yan'uwa mutanen Rano da Kibiya, jawabinmu na yau a kan fuskar gidajenmu ne.

A da, zankwaye da dagin da magini ya zana a ƙofar zaure su ke sanar da baƙo matsayin mai gida. Wannan ado na layi da ƙulli ba surar mai rai ba ne, babu abin ƙi a cikinsa matuƙar bai kai ga almubazzaranci ba.

To, me ya raunana shi? Ba siminti kaɗai ba. Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba. Katsin da ake kwasowa daga karofi, shi ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso, wanda ke kare bango daga ruwa. Da marina suka ragu, magini ya rasa laso, damina kuwa ta cinye zanen.

Saboda haka duk mai shirin gini a unguwarku ya nemi tsofaffin magina tun suna raye, ya haɗa su da yara masu koyo. Zanen yana zama a kan siminti ma, kamar yadda ake gani a birnin Zariya.