Ciwon huka: yadda ake shaƙar magani

Hirarmu ta yau bisa ciwon huka ce, wanda lokotoro ke ce ma asma.

In ɗari ya kama, hazo ya sauka, hayaƙin itace ya cika ɗaki, mai huka ya shiga wahala. Ƙirji ya ɗaure, tari ya hana shi kwana. Hanyoyin iska na cikin huhu ne ke kumbura, su tsuke.

A likita ana ba da wani ɗan gwangwani na fesawa, galibi shuɗi. Sunan maganin salbutamol, a farmasi ana ce mishi Ventoline. Cikin ƴan mintoci yake buɗe hanyoyin. Amma za ku ji wasu na cewa ba shi aiki. Sau da yawa maganin ba shi da laihi: bisa harshe ya tsaya, bai kai huhu ba.

Ga yadda ake yi. Ka zauna, ka miƙe baya. Ka cire marhi, ka girgiza gwangwanin. Ka hidda iskar ƙirjinka duka. Ka sa bakin abin cikin bakinka, leɓe ya ruhe shi sosai. Ka fara jan numfashi sannu-sannu, kana cikin ja ka danna sau 1. To, nan wuyar take: hannu da numfashi su tahi tare. Wanda ya fizga da ƙarhi, magani ya tsaya mishi a maƙogwaro. Ka yi ta ja har ƙirji ya cika, ka riƙe, ka ƙidaya 1 zuwa 10 cikin zuciya. In sau 2 anka ce maka, ka dakata minti 1, ka sake girgizawa.

Yaro da tsoho ba su cika iya wannan ba. Akwai dabara. A shekara ta 1999, a Afirka ta Kudu, anka gwada butelin roba na rabin lita ga yara masu huka, anka ga ya yi aiki kamar na saye. A wanke buteli, ya bushe. A huda gindinshi daidai bakin abin fesawa, kada a bar kafa. Yaro ya kama bakin buteli, a danna sau 1, ya yi numfashi 5 a ciki. Ku tahi da butelin likita, ma'aikacin lahiya ya gwada muku.

Shuɗin nan na saukaka ciwo ne kawai. Akwai wani, beclometasone, mai rage kumburi. Shi kullum ake shaƙa, ko ana jin lahiya, kuma a kurkure baki bayanshi. Wanda ke neman shuɗi fiye da sau 2 a mako, ya koma ga lokotoro.

Ku da kunka koyi lissahi, ku duba jikin gwangwani. Galibi an rubuta 200. Mai dannawa sau 4 kowace rana, kwana 50 ke nan. Ku rubuta ranar farawa cikin kaye, don gwangwani na motsi ko magani ya ƙare. Kada a bar shi cikin rana, kada a jefa shi wuta.

In mutum ya kasa magana, ko leɓenshi ya canza launi, a zaunar da shi. A ba shi shuɗi ta buteli, dannawa 1 kowane minti, har 10. A kama hanyar likita nan take, ko da tsakar dare ne.