Ziyara Zuwa Ƙasar Hangari: Tarihinta a Filayenta da Gine-ginen Budafes



A yammacin nan ina so in ja hankalinku zuwa wata ƙasa da ke tsakiyar nahiyar Turai, watau Hangari, wadda Larabawa ke kira Almajar, daga sunan da mutanen ƙasar ke kiran kansu da shi. Saboda haka Majarawa zan riƙa ce musu. Za mu zaga filayen ƙasar, mu leƙa tabkinta, sa'an nan mu shiga babban birninta Budafes mu duba gine-ginensa. An ce tafiya mabuɗin ilmi, amma fa sai ga wanda ya tafi da tambaya. Tambayar da za mu tafi da ita kuwa ita ce: yaya aka yi al'ummar da aka ci da yaƙi sau da dama, aka mallake ta, har aka yayyanka ƙasarta, ta kai yau da harshenta da sunanta? Amsar da zan kawo ita ce, Majarawa sun sha kaye a fagen fama, amma sun riƙe harshensu, sun kuma adana shaidar abin da ya same su, mai daɗi da mai ɗaci.

Shimfiɗar ƙasa

Hangari ba babbar ƙasa ba ce. Faɗinta murabba'in kilomita 93,000 ne, mutanenta kuwa sun ɗara miliyan tara da rabi kaɗan. Ba ta da gaɓar teku, kuma ƙasashe bakwai ne suka kewaye ta: Ostiriya, da Sulobakiya, da Yukren, da Romaniya, da Sabiya, da Kuroshiya, da Sulobeniya. In an dubi taswira za a ga yankin kamar kasko yake, manyan duwatsu sun yi masa zobe daga nesa, ita kuwa Hangari tana zaune a tsakiyar kaskon. Dutsenta mafi tsawo, Kekes, mita 1,014 ne kacal.

Kogin Danub ya taso daga ƙasar Jamus, ya yi tafiyar kilomita kusan 2,850 ta ƙasashe goma kafin ya faɗa Bahar Aswad. Da ya shigo Hangari yana fuskantar gabas, sai ya yi gwiwa ya miƙe kudu, ya raba ƙasar biyu. Yammacinsa tuddai ne da gonakin inabi, gabashinsa kuwa galibi fili ne fetal, iyakar ganin mutum.

Mu fara da gabas. A can akwai makiyayar Hortobagy, wadda aka mai da gandun ƙasa a 1973, Hukumar UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 1999. Baƙo zai ga shanu masu ruwan toka da dogayen ƙahoni, da makiyaya bisa dawakai, da rijiyoyin da ake jan ruwansu da jigo. Wannan ciyawa ce ta jawo kakannin Majarawa, waɗanda mahaya ne makiyaya. Sun ƙetaro duwatsu daga gabas wajen shekarar 895, ƙabilu bakwai a ƙarƙashin shugabansu Arpad. Harshen da suka zo da shi bai yi kama da na ko ɗaya daga maƙwabtansu na yau ba, danginsa na nesa su ne harsunan Finlan da Istoniya. To, jama'a, filin da ya yi wa makiyayi daɗi shi ne kuma ya yi wa mayaƙi daɗi, gama babu dutsen da zai tare doki. Wannan shi ne mabuɗin tarihin ƙasar duka.

Da farko Majarawa ne ke kai hari cikin Turai, har Sarki Otto na Jamus ya karya su a 955. Daga nan suka zauna wuri ɗaya. Wajen shekarar 1000 aka naɗa Istifanus sarkinsu na farko, ya tsai da addinin Kirista, ya rarraba ƙasar gunduma-gunduma, ya sa wa kowace wakilin sarki.

A yamma kuma akwai Balaton, tabki mafi girma a tsakiyar Turai. Tsawonsa kilomita 77 ne, amma galibin zurfinsa kimanin mita uku ne kawai, shi ya sa jama'a ke tururuwa can da bazara domin wanka da hutawa. A wani tudu da ya kutsa cikin tabkin, mai suna Tihany, an kafa gidan masu ibada a 1055. Takardar kafa gidan da Latin aka rubuta ta, sai dai magatakardan ya sa sunayen wurare da 'yan kalmomi da harshen Majarawa, domin a gane iyakokin gonaki. Takardar tana nan har yau, kuma cikinta ne ake samun mafi daɗewar rubutattun kalmomin harshen da suka tsira a takardarsu ta asali. Ina roƙon ma'aikatan da ke cikinmu su lura: takardar ofis ce, ta zancen filaye, ta zama taskar harshe, don kawai an sami masu ajiye ta shekara kusan dubu.

Tudun Buda

Yanzu sai mu shiga Budafes. Asali garuruwa uku ne, Buda da Obuda a yammacin kogi, da Fes a gabashinsa, aka haɗe su a 1873. Buda tudu ce, Fes kuwa fili, watau birnin kansa hoton ƙasar ne a taƙaice.

Fadar da ke kan tudun Buda masifa ce ta haife ta. A 1241 Mongolawa suka kwararo ta filin nan na gabas, suka karya rundunar Sarki Bela na Huɗu, suka yi ɓarna mai yawa. Da suka janye, sarkin ya gane garin da ba shi da ganuwar dutse abincin mahara ne, sai ya sa aka gina garuruwa masu ganuwa a kan tuddai, har da na Buda. Fadar ta kai ƙololuwar ɗaukaka a zamanin Sarki Matiyas, wanda ya yi mulki daga 1458 zuwa 1490, ya tara ɗakin karatun da ya yi suna a Turai duka.

Shekara 36 bayan rasuwarsa, watau a 1526, Sarkin Turkawa Sulaimanu ya karya Majarawa a Mohacs, sarkinsu Luwis na Biyu ya mutu a wajen gudu. A 1541 Turkawa suka karɓe Buda, suka riƙe ta shekara 145, har 1686. Ƙasar ta rabu uku: tsakiya a hannun Turkawa, yamma da arewa a hannun gidan sarautar Habsbag na Ostiriya, gabas kuma, watau Taransilbaniya, tana da ɗan 'yanci a ƙarƙashin inuwar Turkawa. Littattafan Matiyas suka watse, waɗanda aka sani sun tsira kimanin 200 ne. A 1877 Sarki Abdulhamid na Biyu ya mayar wa Majarawa littattafai 35 rubutun hannu daga cikin waɗanda aka kwashe zuwa Istambul.

Bayan fitar Turkawa an rushe galibin masallatansu, wannan gaskiya ce da ba a ɓoyewa. Amma abin da ya rage, yanzu ana tattalinsa ƙwarai. A wani tudu arewa da fadar akwai hubbaren Gul Baba, wani sufi Baturke da ya rasu a 1541, wanda gwamnatocin Hangari da Turkiyya suka haɗa hannu suka gyara, aka sake buɗe shi a 2018. Gidan wanka na Rudas, wanda Turkawa suka gina a kan maɓuɓɓugar ruwan zafi a ƙarni na 16, yana aiki har yau a ƙarƙashin ƙubbarsa. A garin Pecs da ke kudu, masallacin Ƙasim Fasha ya zama majami'a, amma an bar mihrabinsa. A Eger kuma, arewa maso gabas, hasumiya mai tsawon mita kusan 40 tana tsaye ita kaɗai, masallacinta ya daɗe da ɓacewa.

Gada da harshe

Mu sauko daga tudu mu ƙetare zuwa Fes ta Gadar Sarƙa, gadar dindindin ta farko da ta haɗa gaɓoɓin biyu, wadda aka buɗe a 1849. Mutumin da ya tsaya kai da fata aka gina ta, Istvan Szechenyi, ɗan sarauta ne mai dukiya, kuma ya yi wani abin da ya fi gadar muhimmanci. Fitar Turkawa ba 'yanci ta kawo ba, mulkin Habsbag ne ya game ƙasar duka. Latin ne harshen majalisa da shari'a, a 1784 kuma Sarki Yusufu na Biyu ya ba da umurni a riƙa aikin mulki da Jamusanci. Masu kishi suka ga harshensu na shirin komawa na ƙauye kawai. Marubuta, a ƙarƙashin jagorancin Ferenc Kazinczy, suka duƙufa wajen ƙirƙirar dubban sababbin kalmomi, domin harshen ya iya ɗaukar kimiyya da shari'a da sha'anin mulki. A 1825 Szechenyi ya miƙe a majalisa ya ba da kuɗin shigar gonakinsa na shekara guda domin a kafa cibiyar raya harshe da ilmi. Ginin wannan cibiya yana nan daf da bakin gadar ta wajen Fes. A 1844 harshen Majarawa ya zama harshen hukuma.

Ku duba bambanci, jama'a. A 1848 Majarawa sun yi tawaye da makami a ƙarƙashin Lajos Kossuth, Ostiriya ta murƙushe su a 1849 da taimakon Rasha, ta kashe janar-janar goma sha uku, ta kuma gina sansanin soja a kan tudun Gellert, inda ake hangen birnin duka. Yaƙin bindiga ya faɗi, amma aikin harshe bai rushe ba. A 1867 Ostiriya ta ga ba makawa sai sulhu, aka kafa daular haɗin gwiwa, Hangari ta sami gwamnatinta da majalisarta.

Gaɓar Fes

Galibin manyan gine-ginen Fes 'ya'yan wannan sulhu ne. Majalisar Dokoki, wadda aka fara a 1885, tana shimfiɗe a bakin kogi tsawon mita 268. Ƙubbarta mita 96 ce, daidai da ta majami'ar Istifanus, domin tuna shekarar 896, wadda aka ɗauka a matsayin mafarin ƙasar. A bikin cika shekara dubu, a 1896, aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa mai aiki da lantarki, aka kuma soma ginin Dandalin Jarumai, inda gumakan shugabannin ƙabilu bakwai ke bisa dawakansu. A ƙarƙashin ƙubbar Majalisa ake ajiye tsohon kambin sarauta. A 1945 ya faɗa hannun sojan Amurka, Shugaba Jimmy Carter ya mai da shi a 1978, aka kai shi Majalisa a 2000.

Mai kallo zai ga ginin ya yi wa ƙasar girma, kuma da dalili. An gina shi ne domin ƙasar da ta ninka ta yau kusan sau uku. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta ƙwace fiye da kashi biyu cikin uku na ƙasar, Majarawa kimanin miliyan uku suka wayi gari a ƙasashen maƙwabta. Begen mai da abin da aka rasa yana cikin abin da ya tura shugabannin ƙasar ƙawance da Hitila, kuma ƙarshensa bai yi kyau ba. Kudu da Majalisa kaɗan, a bakin ruwa, akwai takalman ƙarfe ƙafa sittin, watau na mutum sittin, da aka kafa a 2005, domin tuna Yahudawan da 'yan bindigar ƙasar suka harbe suka jefa kogi a ƙarshen yaƙin. A 1944, cikin 'yan makonni, an kwashe Yahudawa fiye da 430,000 zuwa sansanonin kisa, kuma da hannun ma'aikatan gwamnatin ƙasar aka tsara jerin sunayen. Ofishin da ke iya adana gado, shi ne kuma ke iya tsara ta'asa. Da Jamusawa za su janye a 1945 suka farfasa gadojin birnin, aka sake buɗe Gadar Sarƙa a 1949, shekara ɗari daidai bayan buɗewar farko.

Sa'an nan mulkin gurguzu ya zo a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat. Ran 23 ga Oktoba, 1956, ɗalibai suka fito zanga-zanga, ta zama tawayen ƙasa baki ɗaya. Ran 4 ga Nuwamba tankokin Sobiyat suka murƙushe shi, aka kashe Majarawa kimanin 2,500, wasu 200,000 suka yi gudun hijira. Firayim Minista Imre Nagy aka rataye shi a 1958. A watan Yuni na 1989 aka sake yi masa jana'iza, jama'a suka cika Dandalin Jarumai maƙil, kuma ran 23 ga Oktoba na wannan shekara aka yi shelar jamhuriya daga ginin Majalisa. Sojan Sobiyat suka fice a 1991, ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Gumakan zamanin gurguzu kuwa, da yawansu ba a narkar ba, an tattara su a wani fili a bayan gari, aka buɗe shi ga jama'a a 1993, domin 'yan baya su gani da idonsu.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, mun ga fili marar shinge wanda ya gayyato Mongolawa da Turkawa da Ostiriyawa da Jamusawa da Rashawa, kowa ya yi zamaninsa ya wuce. Ba zan ce Majarawa sun gama sasantawa da tarihinsu ba, domin har yau suna gardama mai zafi kan Trianon da kan alhakin abin da ya faru a 1944. Amma gardamar tana yiwuwa ne saboda takardu da gine-gine suna nan a matsayin shaida, kuma da harshensu suke yin ta. Ku ɗalibai, watarana a hannunku fayiloli da filaye da tsofaffin gine-gine za su kasance. Ku ma'aikata kuwa, suna hannunku tun yanzu. Abin da aka rushe da sa hannu ɗaya, kuɗi ba ya mai da shi, kuma kowace takarda kuka ajiye, ba ku san wanda zai neme ta nan da shekara ɗari ba.

Nan zan dasa aya.