Mu Koyi Harshen da Za Mu Nemi Magani da Shi

Jawabin tafintan ofishin kariya a taron iyaye, sansanin Dar es Salam

Mun san wasu sun bar tukunya a kan wuta, don haka ba za mu ja zance ba.

A watan Janairun 2015, bayan harin Baga da Doron Baga, mutanenmu suka tsallako tafki, aka buɗe wannan sansani kusa da Baga Sola. Jariran da aka goyo a lokacin yau suna makaranta. A Najeriya Turanci ne harshen hukuma, a nan Chadi kuwa Faransanci ne da Larabci. Dokar ba da mafaka da Chadi ta yi a Disambar 2020 ta ba ɗan gudun hijira damar karatu da neman aiki da zirga-zirga. To amma haƙƙin da mutum bai iya buɗe baki ya nema ba, a takarda zai yi ta kwanciya.

Mu masu tafinta mun ga abin da rashin jin harshe ke jawowa. Mun ga uwar da aka rubuta wa matin, midi, soir a jikin ledar magani, wato safe, rana da yamma, ta haɗa ƙwayoyin uku ta ba yaro lokaci guda. Allah ne Ya kiyaye. Mun ga matar da ta zo da maganar da ba a faɗa gaban yaro, alhali ɗanta ta riƙo ya fassara mata, sai ta haɗiye rabin abin da ya kawo ta. Mun ga dattijon da ya dangwala yatsa a takarda bai san abin da ke ciki ba. Mu kuma 'yan kaɗan ne, ba ma kusa idan naƙuda ta tashi da tsakar dare.

Da yawanku sun taɓa shiga aji. Aka sa ku kuna rera je suis, tu es, il est wata da watanni, kuka je asibiti baki ya ƙi buɗewa, kuka dawo kuna cewa kai ya tsufa. Baba, Inna, kanku lafiyarsa ƙalau. Hanyar ce ba ta dace ba. Ku tuna masuntanmu na Baga. Wa ya taɓa riƙe musu alli? A cikin kwalekwale da kasuwar kifi suka iya Kanuri da Larabcin Shuwa, don ciniki ba ya jira.

Masana ma sun gano haka. A birnin Bangalore na Indiya, daga 1979 zuwa 1984, wani malami mai suna Prabhu ya gwada koyar da Turanci ta hanyar ba yara aiki na gaske, kamar duba jadawalin jirgin ƙasa su gano lokacin tashi. Hankalin yaro yana kan aikin, harshen yana shiga a hankali. Irin wannan hanya muke roƙon malamanmu da ku ɗalibai ku bi, kuma abubuwa huɗu take buƙata.

Na farko, ku zo aji da abin da ya dame ku: katin iyali, ledar magani, takardar da malami ya aiko daga makaranta. Wanda ya gane nom, prénom da date de naissance a kan katinsa, wato sunan mahaifi, sunan yanka da ranar haihuwa, shi zai fara ganin kuskure idan an rubuta shekarun ɗansa ba daidai ba.

Na biyu, a kwaikwayi abin yadda yake faruwa. Wata ta zama likita, wata ta zama mai jinya. Wani ya baza albasa, wani ya taya. A maimaita har baki ya saba, gobe a je a gwada a waje, jibi a dawo a faɗi inda aka sarƙe.

Na uku, mu ɗora a kan abin da muka sani. Ishirin, talatin, arba'in, hamsin, da Talata da Alhamis, duk daga Larabci Hausa ta aro su, kuma za ku ji kusan irinsu a bakin 'yan kasuwa. Sai dai a kula: da Larabcin Chadi ana ƙirga kuɗi da riyal, riyal ɗaya sefa 5 ne, kamar dala a Nijar. Idan ka ce bekam, wato nawa, aka amsa maka ishirin, sefa 100 ake nufi. Wannan darasi a kasuwa kaɗai yake zama a kai.

Na huɗu, kowa ya riƙe maganganu uku tun daga yau. Je n'ai pas compris: ban gane ba. Répétez, s'il vous plaît: don Allah a maimaita. Je veux un interprète: ina son tafinta. Kada ku sa hannu ko yatsa a takardar da ba a karanta muku da harshenku ba. Mace tana iya cewa mace take so ta fassara mata, kuma abin da kuka faɗa a gabanmu amana ne.

Iyaye, kada ku daina yi wa yara Hausa ko Kanuri a gida don su iya Faransanci. Yaron da ya tsaya da ƙafarsa a harshen uwarsa ya fi saurin ɗaukar wani. Da yamma ku ce ya koya muku kalma biyu daga abin da ya ji a aji. Matasa kuma, idan tsoho ya karkace kalma kada ku yi dariya, da rarrafe kowa ya fara.

Mai son shiga aji ya faɗa wa shugaban unguwarsa, ko ya same mu a ofishin kariya, ya zo da katinsa, daga kansa za mu fara darasi. Ko mun koma gida ko mun daɗe a nan, harshen da muka koya ba wanda zai ƙwace mana shi a hanya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.