AMANAR YARO MAI CIWON SIKILA: DAGA RANAR SUNA ZUWA RANAR ƊAURIN AURE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya 'ya'ya sanyin idanu, kuma amana a wuyan iyaye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku shehunnai da muƙaddamai da sauran 'yan'uwa maza da mata, maganar wannan zama mai albarka ta shafi gidaje masu yawa, ko da yake ba kasafai ake ɗaga murya a kanta ba. Ita ce renon yaro mai ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini. Abin da ake son tabbatarwa shi ne cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma duk uban da ya bar sababi alhali yana da ikonsa, to ya tauye amana.

Wannan ciwo gado ne daga uwa da uba gaba ɗaya, ba maita ba ne, ba kuma sammu ba. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan rayu kwana 120, amma ta mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini da azabar ciwon ƙashi suke tasowa. Idan miji da mata dukkansu masu rukunin jini na AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Saboda haka zalunci ne a ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, balle a sake ta a kan abin da rabinsa daga mijin ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon kowace shekara a Nijeriya.

Mataki na farko shi ne na suna da shayarwa. A rana ta bakwai jariri yakan kasance lafiya lau, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi har wajen wata biyar ko shida. Daga nan ne alamomi kan bayyana: kumburin hannuwa da ƙafafu, kuka marar yankewa, ɗashewar jiki, da idanu masu launin shawara. Wajibin iyaye a nan shi ne gwajin jini a asibiti. Kada a miƙa irin wannan yaro ga askar wanzami domin tsaga ko cire belu, gama wanda jininsa bai ishe shi ba ba a zubar masa da shi. Uwa ta cika shayarwa ta shekara biyu kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta shiryar, a kammala alluran riga-kafi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a lizimci magungunan kullum da likita ya rubuta. In zazzaɓi ya sauka, ko ciki ya kumbura ta hagu yaro ya yi fari fat, ba a jiran gari ya waye. A kama hanyar asibiti, a yi addu'ar ana tafe.

Mataki na biyu shi ne na kaciya da shiga makaranta. Al'ada ta saba yin kaciya da sanyin hunturu, alhali sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Lalle ne a yi wa wannan yaro tasa a asibiti, bayan likita ya auna jininsa. Idan ya kai shekara bakwai aka umarce shi da salla, a ɗumama masa ruwan alwala, musamman da asuba. Ranar da taɓa ruwa zai cutar da shi, malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin taimama ga majinyaci a cikin Ahalari da Risala. Uba ya sanar da malamin allo da na boko halin ɗansa, domin a bar shi ya yawaita shan ruwa, a ɗauke masa bulala da aikin wahala. Bai dace a tura shi almajiranci nesa da gida ba. In ya yi fitsarin kwance kada a kunyata shi, domin ƙodarsa ce ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara. In tsaransa suka riga shi sauka, ba komai, Alƙur'ani ba tsere ba ne.

A cikin waɗannan shekaru akwai haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa yaro kan wayi gari bakinsa ya karkace ko hannu ya saki, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a ɓata kwanaki ana turare. Alal haƙiƙa jini ne ya kasa isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma kowace sa'a tana da tsada. Akwai na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai, ana yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16, domin a gane mai haɗari tun abin bai auku ba. Binciken da likitoci suka gudanar a asibitocin Kano da Kaduna, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka wallafa a 2022, ya ƙarfafa amfani da maganin haidiroksiyuriya wajen wannan kariya. Iyaye su tambayi likitansu game da shi.

Mataki na uku shi ne balaga. Mai sikila yakan yi jinkirin girma, tsaransa su bar shi a baya, zuciyarsa ta ƙuntata. A nan yake bukatar uba mai zama da shi da uwa mai saurare, kada kuma a bari a laƙaba masa sunan ciwonsa. Shari'a ma ba ta gaggauta masa ba: a mashhurin mazhaba, wanda alamomin balaga ba su bayyana gare shi ba, sai ya cika shekara 18 hukunci yake hawa kansa. Haka batun azumi: ƙishirwa tana kawo tashin ciwon, kuma Allah Ya yi wa majinyaci rangwame a cikin Suratul Baƙara. Idan amintaccen likita ya ce azumi zai cutar da shi, iyaye su hana shi cikin lallashi, su fahimtar da shi cewa karɓar rangwame ma biyayya ce.

Mataki na ƙarshe shi ne aure. Masu sikila da yawa sun yi karatu, sun yi sana'a, sun yi aure sun haifu. Abin nema shi ne gwajin rukunin jini tun kafin soyayya ta yi nisa, tun ba a karɓi kuɗin gaisuwa ba, ko da auren zumunci ne. Mai SS da ya auri mai AA, 'ya'yansu kan zo da AS, ba da ciwon ba. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini. Ya kamata waliyyai da limamai masu ɗaura aure su zamo a sahun gaba wajen kiyaye wannan.

Ya ku 'yan'uwa, uwar da ta kwana tana gasa wa ɗanta ƙafa da ruwan ɗumi, da uban da ya sayar da akuyarsa domin kuɗin ƙarin jini, suna cikin ibada, ko da idanunsu na zubar da hawaye. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, kuma hakan bai rage komai daga yardarsa da hukuncin Ubangijinsa ba. Haƙƙinsu a kan jama'a shi ne ziyara, da taimakon kuɗin magani, da ba da gudummawar jini ga wanda yake da lafiyar bayarwa.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya raya zuriya bisa sunna, albarkar Annabin rahama (S.A.W.). Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.